Daga Ƙunshin Dillaliya Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Kayan Adon Matan Haɗejiya

 

 Muna yi wa juna barka da ganin zagayowar ranar da aka kafa ƙungiyarmu. Allah Ya jiƙan waɗanda aka fara tafiyar nan da su, ba su kawo yau ba.

Bana mun ga ya dace mu waiwayi tarihin abin da babu ɗakin da ba ya ciki, wato kayan ado. A cikinmu akwai masu shirya duwatsu, akwai matan maƙera da 'ya'yansu, akwai dillalai, kuma kusan kowaccenmu mai saye ce. To ga shi 'yan shekarun nan ciniki ya koma cikin waya: a ga sarƙa a hoto, a tura kuɗi, a jira direba. Wasu sun ci riba, wasu sun yi kuka. Shi ya sa muke so mu duba yadda kakanninmu suka yi nasu cinikin, wa ke tsaya musu, kuma mu yau wa zai tsaya mana.

Hanyar da duwatsu suka biyo

Kafin jihadi, ƙasar nan ƙananan masarautu ce guda bakwai: Auyo, Haɗejiya, Garun Gabas, Gatarwa, Kazura, Fagi da Dawa, suna biyayya ga Borno ta hannun Galadima da ke Nguru. A farkon ƙarni na 19 ne Sarki Sambo ya haɗa su a ƙarƙashin Haɗejiya. Da can da bayan nan, wurin zamanmu bai sauya ba: muna tsakanin Kano da Borno. Fatake masu zuwa gabas da masu dawowa suna ratsa yankinmu, haka ma mahajjata masu tafiyar ƙasa, waɗanda kan yi shekaru kafin su dawo. Abin da ba shi da nauyi amma yana da tsada shi matafiyi ya fi son ɗauka, kuma duwatsun ado suna sahun gaba.

Wannan ciniki ya daɗe ƙwarai a ƙasar Hausa. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a Jihar Katsina, masu binciken tarihi sun tona wasu tsofaffin kusheyin sarakuna a 1907, aka kuma sake a 1992. Cikin abin da aka samu har da 'yan kunne da zobe na zinariya, da mundaye, da jajayen duwatsu irin tsakiya, da wuri. Wasu daga cikin kusheyin sun haura shekara 600. Shi kuwa wuri asalinsa daga tsibiran Maldib ne, can cikin tekun Indiya. Kun ga ke nan sayen abin ado daga nesa, a hannun wanda ba a taɓa gani ba, ba waya ce ta kawo mana shi ba.

A 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya sauka a Kano, ya rubuta kayan da ya gani a kasuwa, ciki har da duwatsun gilashi na Benis ta ƙasar Italiya, waɗanda ake ƙetaro hamada da su daga Turabulus. Daga Kano ya bi ta Gumel ya nufi Kukawa, a shekarun da labarin Sarki Buhari ya cika ƙasar nan. Murjani na ainihi daga Bahar Rum ake ciro shi. Tsakiya kuwa, da yawanta a garin Kambay na Indiya ake sassaƙa ta, ta biyo ta Makka da Misra, daga baya masana'antun Jamus suka shiga yin irinta. Ƙarau daga Bida yake zuwa, inda Masaga ke narka gilashi su naɗa shi. Jigida ta dā da ɓawon ƙwarar kwakwa ake yankanta, kafin ta roba ta shigo.

Amma duk nisan da dutse ya taho, a hannun mace yake zama abin wuya. Ita ke zaɓen launi, ta jera, ta san dutsen da zai zauna a tsakiya da waɗanda za su raka shi. Wannan aiki namu ne tun fil azal.

Maƙeran fari

Ƙira iri biyu ce a wurin Bahaushe. Maƙeran baƙi su ke yin fartanya, garma, lauje da ƙugiyar masunta. Maƙeran fari kuwa su ke aikin azurfa da tagulla da jan ƙarfe: zobe, munduwa, awarwaro, kwandaga, 'yan kunne, har da adon linzami da sirdi na dawakin sarauta. Kayan aikinsu ba su da yawa, uwar maƙera, masaba, awartaki, zugazugi, magagari da gawayi. In zubi za a yi, sai a siffata abin da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, sannan a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Dole a fasa yumɓun kafin a ciro abin, don haka ba za ki taɓa samun biyu iri ɗaya sak ba.

Ina suke samun azurfa? Mafi yawa daga kuɗi. Akwai wani kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Tareza, wanda ake kira liyari. Nauyinsa kimanin giram 28 ne, kuma kashi 83 cikin 100 nasa azurfa ce. Duk wanda aka buga bayan 1780, 1780 ɗin ake rubutawa a jiki, saboda 'yan kasuwa sun saba da shi a haka, ba su yarda da wani ba. Mace takan ba maƙeri liyari kaza, ya narka ya mayar mata munduwa, ta biya shi ladan aikinsa. Ta san nauyin abin da ta bayar, ta san nauyin abin da ya kamata ya dawo.

Dukiyar da ke gudu tare da mai ita

Me ya sa mace za ta mai da kuɗinta munduwa? Amsar tana cikin zaman da muke yi a bakin kogi. Shekarar da ruwa ya zo daidai, fadama ta ba da shinkafa, masunta suka cika kwanduna, har mace mai surfe da mai ƙuli-ƙuli da mai saƙar kaba sai ta ga canji a hannunta. Shekarar da ya yi yawa ko ya ƙi zuwa, kowa ya sani. A lokacin babu banki, kuma kuɗin da ke ƙarƙashin katifa ba ya jimawa, tunda buƙatar gida ba ta ƙarewa. Sai mace ta zuba abin da ta samu a akuya, a tasoshi da kwanuka na jere, da kuma kayan ado. Shari'a ta riga ta tabbatar mata cewa sadakinta da gadonta da abin da ta nema nata ne.

Cikin ukun nan, kayan ado ne kaɗai ba ya ciwo, ba ya neman dusa, kuma in ruwa ya shigo gari cikin dare yana jikin mai shi. Buhun shinkafa sai a bar shi, munduwa kuwa tare za a hau kwalekwale. Tsofaffinmu da suka ga farin 1973 da na 1984 suna ba da labarin gidajen da azurfar uwar gida ta ciyar har damina ta kama. Mu ma mun ga irin haka da idonmu bayan ambaliyar 2018 da ta 2020 da ta 2022, lokacin da ruwa ya ci gonaki da gidaje a Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma, Guri da kewayen Haɗejiya. Mata nawa ne suka cire ɗan kunne aka sayi iri ko aka tayar da katanga? Allah kaɗai Ya san adadi, don irin wannan ba a shelarsa.

Dillaliya

Matan aure ba sa zuwa kasuwa, ba sa zama a maƙera. Wadda ke haɗa su da mai ƙira da mai saye ita ce dillaliya, galibi dattijuwa, da ƙunshinta a ka, tana shiga gida-gida. Mu kan tuna ta da yawan zance da iya yabon kaya, amma aikinta ya wuce nan. Ta san maƙerin da ke cakuɗa azurfa da wanda ba ya yi. Ta san murjani na ainihi da na gilashi, ta hanyar nauyinsa da sanyinsa a hannu. Takan bar kaya su kwana a ɗaki, a gwada, a nuna wa maigida, in ba su yi ba a mayar. Takan karɓi biya kaɗan-kaɗan. In mace ta shiga matsi tana so ta sayar da abin wuyanta, dillaliya ce za ta fitar da shi ba tare da kishiya ko maƙwabciya ta san na wace ce ba.

La'adar da take ɗauka ladan ƙafarta ce da ladan sunanta. In ta kawo jabu sau ɗaya, zauren gidan nan ya rufe mata, labari kuma zai riga ta isa gida na gaba. Ita kanta ta san haka, shi ya sa take tsayawa tsakani da Allah. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda maƙera ta yi sanyi

Ranar 25 ga Afrilu, 1906, sojojin Turawan Ingila suka ci Haɗejiya da yaƙi, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da ɗimbin jama'arsa. Bayan nan kuɗi ya sauya, wuri ya faɗi, sule da fataka da kwabo da anini suka shigo. Sulallan farko da aka buga wa Afirka ta Yamma a 1913 na azurfa ne, maƙera kuwa suka samu sabon abin narkawa, mata suka riƙa jera su a wuya da kitso. A 1920 aka koma buga su da gaurayen ƙarfe marar daraja, wannan hanya ta soma tsukewa.

A 1930 jirgin ƙasa ya isa Nguru daga Kano, ya bi ta Malam Madori. Yana kwasar gyaɗa da fatu, yana sauke kayan kanti, ciki har da duwatsun gilashi da awarwaron inji masu arha. 'Yan kasuwar Labanan da muke kira Kwara sun yi suna wajen sayar da irin waɗannan, har ana cewa sunan nasu ya samo asali ne daga sunan murjani a bakin Turawa.

Babban sauyi ya zo ne a shekarun 1970, da kuɗin man fetur ya shigo, aikin Hajji ya koma ta jirgin sama. Hajiya ta dawo da sarƙar gwal ta Makka, ido ya koma can, azurfar kaka ta zama kayan ƙauye. Daga baya hanyar Dubai ta buɗe. Da Naira ta karye daga 1986, gwal ya fi ƙarfin talaka, amma maimakon a koma wa maƙerin unguwa, sai aka koma wa fashin na Cana da Indiya, mai ƙyalli ranar biki, mai koɗewa kafin suna. A daidai wannan zamani kuma fadamar da ke kawo mana kuɗin saye ta sauya, bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama. 'Ya'yan maƙeran fari da yawa suka bar masaba suka kama walda da gyaran babur. Ba laifinsu ba ne, ai mutum ba ya zama a kan sana'ar da ba ta kawo cefane.

A nan mun yi asara biyu. Mun rasa masu aikin, mun kuma rasa ajiyar. Munduwar azurfa ko ta shekara hamsin, in aka ɗora ta a sikeli kuɗi ce. Akwatin fashin kuwa, ranar da aka shiga matsi, ko kuɗin mudun gero ba zai kawo ba. Ga ƙaiƙayi da ƙurajen da wasu ke samu a kunne da wuya, saboda ƙarfen nikel da ake sawa a cikin masu arha.

Abin da bai mutu ba shi ne shirin duwatsu, don yana cikin ɗaki, ba ya son jari mai yawa. Da aka kawo shirin kyautata rayuwar matan karkara na Hajiya Maryam Babangida a 1987, aka ƙarfafa wa mata kafa ƙungiyoyin gama kai da koyon sana'a, kuma bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, cibiyoyin mata sun ci gaba da koyar da ɗinki da saƙa da aikin duwatsu. Yau 'yan matanmu suna jera duwatsu a kan zaren roba irin na masunta, suna fitar da sarƙa da abin hannu da jaka da ko a birni ba a raina su.

Waya ta shigo

A watan Agustan 2001 kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki a Nijeriya. Da farko gaisuwa ce da sanar da haihuwa. Da manyan wayoyi suka yi arha, WhatsApp da Facebook da Instagram suka shigo ɗakunanmu, sai mace ta ga za ta iya baje kolinta ba tare da ta taka zaure ba, ba kuma tare da ta ɗora wa yarinya talla ba. Kullen korona na 2020, da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ya tura da yawa cikin wannan hanya. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan an sauya Naira 200 da 500 da 1,000, ya tilasta wa har tsofaffi buɗe asusu da sanin mai POS na unguwa.

Alherin a fili yake. Mai shirya duwatsu a Haɗejiya tana iya samun mai saye a Dutse, Kano, Abuja, ko 'yar uwa da aure ya kai Legas. A kai kaya tasha, direba ya bi ta Gujungu, kafin dare sun isa Kano. Sannan lokaci ya juyo mana. A watan Agustan 2020 farashin zinariya a kasuwar duniya ya haura dala 2,000 a kan awon da ya kai kimanin giram 31, a watan Maris na 2025 ya haura dala 3,000, ga Naira ta ƙara faɗuwa tun 2023. Iyaye da yawa masu haɗa lefe sun fara neman abin da ke da kyau, yake da ƙarko, kuma aljihu zai iya. Wannan ƙofa ce ga mai azurfa da mai tagulla da mai duwatsu.

Amma fa Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Mun ji waɗanda suka tura kuɗi aka toshe lambarsu. Mun ji waɗanda aka kawo wa ruwan gwal a farashin gwal, da kayan inji da sunan aikin hannu. Su ma masu sana'ar suna shan tasu: a turo alat na bogi a karɓe kaya, ko wata ta ɗauki hoton aikinki ta ɗora a shafinta, ta ninka kuɗi, ba ta ko ambaci sunanki ba. Tsohon maƙeri da ya fi kowa iya zubi kuwa, wataƙila ƙaramar waya gare shi, ba wanda zai gan shi.

In muka lura, duk abin da ke ɓacewa a nan shi ne abin da dillaliya ke yi. Waya ta ɗauke mata tafiyar, amma ba ta san jabu ba, ba ta barin kaya su kwana, kuma mai cuta ba ya tsoron a rufe masa zaure, sabon layi kawai zai saya. Gurbin nan yana nan a buɗe, kuma mu a ganinmu ƙungiya ce ta fi dacewa ta cike shi. Mun san juna, mun san gidajen juna, kuma shekara da shekaru muna riƙe wa juna kuɗin adashi.

Abin da muke kawowa gaban babban taro

Na farko, a buɗe littafin masu sana'a, a rubuta kowace mamba mai aikin duwatsu ko fata ko kaba, da maƙeran farin da suka rage a garuruwanmu, da irin aikin da kowa ya ƙware a kai.

Na biyu, a samu lamba ɗaya da asusu ɗaya na ƙungiya don cinikin nesa. Mai saye ta tura kuɗi can, ma'aji ta tabbatar sun shiga ta hanyar duba asusun da kanta, a aika kaya, in sun isa lafiya a miƙa wa mai aiki haƙƙinta. La'adar ƙungiya ta zama sananniya, a rubuce. Game da azurfa da zinariya, akwai sharaɗin hannu da hannu da malamai ke bayani a kai, don haka a nemi fatawarsu kafin a tsara yadda za a yi nasu.

Na uku, kowane kaya ya fita da gaskiyarsa: da me aka yi shi, nawa ne nauyinsa, wa ya yi shi. Hoton kaya ya isa, ba sai an nuna fuskar kowa ba, kuma ba a sa sunan mace sai da yardarta da ta maigidanta. A sayi ƙaramin sikeli na giram a ajiye a ofis.

Na huɗu, a ware wani abu daga asusun rance don jarin duwatsu da azurfa, da kuma tallafa wa yaron da ya yarda ya zauna ya koyi ƙira a wurin mahaifinsa.

Na biyar, kuma wannan ba ya buƙatar kuɗin ƙungiya: duk wadda za ta haɗa lefe ko kayan ɗaki ta sa aƙalla abu ɗaya na aikin hannun mutanenmu, ta kuma biya shi da daraja. Ba daidai ba ne mu biya kayan Dubai yadda aka faɗa, sannan mu zo mu yi ta taya aikin maƙwabciya har sai ta rasa kuɗin zarenta.

Ga masu saye ta waya a wajen ƙungiya kuwa, ku nemi bidiyon kayan a hannu, ba hoto kaɗai ba. Ku tambayi nauyi da kuma ko ana mayarwa. Lambar 925 a jikin azurfa, ko 750 da 875 da 916 a jikin gwal, alama ce ta inganci, amma ana buga ta a jabu, don haka abu mai tsada a kai wa masani ya gwada. In maganaɗisu ya kama shi, to ba gwal ba ne, ba azurfa ba ce, sai dai rashin kamawar ma ba hujja ba ce, tunda tagulla ba ta kamuwa. Sayen nagari dai, mai da kuɗi gida.

Roƙonmu na ƙarshe ga 'ya'yanmu masu manyan wayoyi: kafin a narka munduwar kaka ko a sayar da tsakiyarta, ku ɗauki hotonta, ku zauna ku tambayi Inna ko Gwaggo sunanta, wa ya ƙera ta, a wane gari, a bikin wa aka fara sa ta. Ku kawo mana, mu adana a ofis, mu buga wasu a takardar baɗi in Allah Ya kai mu.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya rufa mana asiri, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare garuruwanmu daga ambaliya. Allah Ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Haɗejiya, Ya bar mu tare cikin zumunci da amana. Amin.

Daga kwamitin takardar biki.